Kwas a kwamfuta ko koyo a gaban garwa?

Injiniyan da ya yi ƙaura zuwa Kanada, daga Indiya ya fito ko daga Najeriya, kafin ya taɓa garwar sinadari a masana'anta dole ya san WHMIS, wato tsarin sanar da ma'aikata haɗarin sinadarai a wurin aiki, wanda ƙasar ta kafa a 1988, ta daidaita shi da na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2015. Hanya biyu ake bi wajen koya masa.

Ta farko kwas ne a intanet. Ga arha ga sauri, kuma wanda Turancinsa bai nuna ba, zai maimaita darasi, ba mai ganinsa. A nan zai haddace alamomin haɗari masu jan layi kewaye: harshen wuta, ƙoƙon kai da ƙasusuwa.

Ta biyu, wadda na fi yarda da ita, a shiga da shi wurin aikin. Tana cin lokaci, gaskiya ne. Amma tsohon ma'aikaci zai buɗe masa takardar bayanin sinadari mai sashe 16, ya ɗora yatsa kan sashe na 4, taimakon gaggawa, da na 8, kayan kariya. Ya kai shi famfon wanke ido, ya ce ya danna da hannunsa. Mai digiri yakan ji nauyin tambaya, kada a ce bai san aikinsa ba. A gaban garwa kuwa, in ya ɗauko safar hannun da ba ta dace ba, take za a gani a gyara. Dokar Kanada ma ta wajabta wa kamfani wannan horo, takardar shaidar kwas kaɗai ba ta wadatar ba.