Tayar soja a ƙafar tsohuwar Land Rover: abin da na gani bayan damina biyu

Motar tawa Land Rover ce doguwa, 109 ta jerin Series III, ƙirar 1978, mai shan gas. Daga hannun kawuna na same ta, da fentinta na ruwan ƙasa irin na motocin soja, da tayar safaya ɗaure a kan bonet. A Tawa take kwana. Aikinta kai ni gona wajen Keita, wani lokaci kasuwar Badagishiri, sau biyu ko uku a shekara kuma mu miƙa hanyar Abalak. Duk wanda ya san Adar ya san ƙasa uku mota ke takawa kafin azahar: kwalta, dutse, da rairayin ƙorama.

Da tayoyin da na gada suka ƙare, ido ne ya yi mini zaɓi. Na ga hotunan jip-jip na yaƙin duniya na biyu, irin Willys ɗin Amurka da ke sanye da 6.00-16, masu haƙora manya a gicciye kamar tsani, na ce ai wannan ita ce tayar da ta dace da fuskar motata. Na sa aka nemo mini irinta a Yamai, lamba 7.50-16, guda biyar, aka ɗoro su a motar kaya. Ranar da aka ɗaura su har yara suka taru ƙofar gida. Gaskiya ta yi kyau. Ko yanzu in na ga hotonta na lokacin sai na ji wani abu a raina.

Tsohon makanikenmu, wanda tun ina yaro yake gyara wa kawu ita, ya zagaya motar sau ɗaya, ya dafa haƙoran taya ya ce, "Ɗana, yaƙi za ka ko gona?" Na ce, "Baba, ai ƙarfi nake nema." Bai ƙara cewa kome ba, ya koma ƙarƙashin motar da yake gyara.

Irin wannan zane soja suka yi wa kansu shi, don ba shi da gaba ba shi da baya: taya ɗaya ta shiga kowace ƙafa, hagu ko dama, ba sai an tsaya duba inda haƙori ya fuskanta ba. Ginin cikinta kuma na da ne, zaren nailan da aka shimfiɗa a karkace, wani bisa wani, shi ya sa gefenta ke da tauri kamar ƙirgi. A nan alherinta yake, kuma ba zan ci amanarta ba. A hawan duwatsun Keita, inda tsini ke yanka taya ta gefe, ko ƙwarzane ban gani ba. Kututturen gero da ƙayar aduwa ma ba su cika samun hanya ta gefenta ba. A cikin taɓo kuma tana cizon ƙasa, in dai ƙasan taɓon akwai tauri.

Sauran kuwa wahala ce. A kan kwalta, da allura ta wuce 60 sai ta fara kuka, kukan da zai hana ka jin wanda ke zaune kusa da kai. Da sanyin hunturu, in mota ta kwana a tsaye, nailan ɗin yakan daskare da shafin inda ya taka ƙasa, sai ka yi kilomita biyu ko uku kana jin dum-dum kamar ana daka kafin ta yi zafi ta koma daidai. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya tsorata ni shi ne ruwan farko na watan Yuni, lokacin da kwalta ke da santsin ƙura da mai. Ina shigowa gari, jaki ya ratso da amalanke, na taka birki, motar ta ci gaba da tafiya abinta kamar ba da ita nake ba. Allah ya kiyaye, tazarar da ta rage ba ta kai taku biyu ba. Dalilin a fili yake: haƙoran faffaɗa ne, sumul, babu ƙananan tsage da za su kori ruwa, kuma robar da ke taɓa hanya kaɗan ce. Ga birkin motar na ganga ne, ba na zamani ba, ba shi da rarar da zai rufa wa taya asiri.

A rairayi ne ta fi ba ni kunya. Ni da na zaci tayar soja ba ta san kafewa ba, sai ga ni a wata ƙorama kafin Tabalak, na jawo jan sanda baya zuwa ƙaramin giya, ƙafafu huɗu na juyawa suna tona wa kansu rami. Rairayi ba ya son cizo, shimfiɗa yake so. Na rage iska, amma gefen ya ƙi lanƙwasa, tayar ta tsaya ƙyam kamar ba a taɓa ta ba. Wasu makiyaya ne suka taimake ni da rassan itace da turi. Na gane ranar dalilin da tsoffin direbobin Agadas ke yabon Michelin XS, wadda zanenta kusan lafe yake, ba ta da wani haƙori na a zo a gani.

Wata goma sha huɗu na yi da su, tsakiyar na baya ta cinye, gefe na nan sabo.

Na koma wajen Baba da kaina, ba tare da ya kira ni ba. Shi ya ce in nemi 7.50R16, wato tsayi ɗaya da faɗi ɗaya, amma mai harafin R a tsakiya. Wannan ginin radiyal ne, wanda kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946: zaren na tafiya kai tsaye daga baki zuwa baki, sannan a ɗaura masa ɗamarar waya a ƙarƙashin inda ke taka ƙasa. Gefe na da laushi, tafin na da tauri. Na ɗauki mai zanen tsaka-tsaki, ba na taɓo zalla ba, ba na kwalta zalla ba, mai alamar 10PR, wato ma'aunin ƙarfin ginin taya. Mai shagon ya so ya tura mini 14PR, ya ce ta fi ƙarfi. Ta fi, amma ta motar ɗaukar buhuna ce. A ƙarƙashin mota mai gangar alminiyom da ba ta cika lodi ba, bayanka ne zai biya kuɗin. Kowace ta tsaya mini jika 85, ban da robar ciki.

Abokai sun ba ni shawarar 235/85R16, don tsayinta kusan ɗaya ne da 7.50, wajen santimita 80, kuma ta fi cika ido. Na ƙi, saboda jantin motata, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a kai, faɗinsa inci 5.5 ne, ita kuwa tana son 6 ko fiye. Sitiyarin kuma ba mai taimakon mai ba ne, da damtse ake juya shi. Wanda ya taɓa yin kwana da 109 a lungun kasuwar Tawa ba zai roƙi ƙarin faɗin taya ba.

Yau damina biyu ke nan. Kukan ya ragu har ina sauraron rediyo. Gargadar hanyar jar ƙasa ba ta girgiza haƙorana kamar da, birki na kamawa a jiƙe, gas ma na lura yana ɗan ƙara kai ni nesa. A kwalta ina sa iska kilo 2 a gaba, 3 a baya in da kaya. A rairayi nakan sauke zuwa 1.5, sai tafin ya yi tsawo, motar ta hau bisa ta wuce. Ƙoramar nan ta Tabalak na ratsa ta sau huɗu ban sauka ba. Sai dai da na fito nake mayar da iska da famfon ƙafa, don taya mai ƙarancin iska a kwaltar watan Afrilu zafi take tarawa har ta fashe.

Tana da nata aibi. Cikin da take fitarwa ta gefe shi ne rauninta, kuma na rasa ɗaya a dutsen Keita, yanka mai tsawon yatsa wanda faci ba ya riƙewa. Tsohuwar ba za ta yi mini haka ba. Sannan jantin na da ne, dole sai da robar ciki, kuma nan na sha faci uku a watan farko ba tare da ƙaya ko ƙusa ba. Mai facin unguwarmu ne ya gano: 'yar takardar da ake mannawa cikin sabuwar taya ce ke goge robar, ga tsatsa a janti. Ya ɓanɓare takardun, ya kankare tsatsar, ya barbaɗa hoda, ya sa robar da aka yi don radiyal. Shi ke nan, magana ta mutu.

Abu biyu da zan gaya wa mai niyyar saye. A gefen taya, ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lamba huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Irin tayoyin soja sukan daɗe a ajiye don masu sayensu kaɗan ne, sai ka ga haƙori sabo fil amma robar ta tsufa, ranar Tawa kuwa ba ta yi wa tsohuwar roba sassauci. Da na duba nawa na farko daga baya, shekararsu bakwai kafin su taɓa ƙasa. Na biyu, kada a gauraya. Wannan mota in ka danna rawayan maɓalli, gaba da baya a ɗaure suke juyawa, babu abin da ke raba musu gudu, don haka taya mai tsayi dabam ko gini dabam wahalar da giya take yi.

Tsoffin guda huɗu wani mai amalanken shanu ya saye, ya ce shi ba ya gudu kuma ba ya taka birki. Ta biyar ɗin, wadda ba ta taɓa taka ƙasa ba, tana nan a zaure, jikokina na zama a kanta.