Wata takwas da mita mai LoZ: daren da ƙafa ta 5 ta yaudare mu

Wata takwas ke nan da na sayi wannan mitar awon wuta, irin mai gurbin da aka rubuta wa LoZ (wato awo da ƙaramar turjiya), kuma ba zan ɓoye ba, a watanni ukun farko ko sau ɗaya ban murɗa ta zuwa gurbin ba. Na ɗauka kwalliya ce kawai. Wani bawul na iska da ya ƙi motsi da tsakar dare a layin cika kwalabe, shi ya sauya min ra'ayi.

PLC, wato na'urar da ke sarrafa injin bisa furogiram, ya ba da umarni. A kwamfuta layin furogiram ɗin ya yi kore, fitilar ƙafa ta 5 (wurin da ake ɗaura wayar bawul) a jikin katin fitarwa na PLC tana ci, in ka kasa kunne ma kana jin rilen ciki, makunnin da ke haɗa wuta da yanke ta, yana ƙas, ƙas. Amma bawul ko gezau. Kafin in iso, yaron da ke koyon aiki a hannuna ya riga ya zare wayar daga ƙafar, ya ɗora tsohuwar mitarmu, ta nuna masa volt 24 cif. Ya ce, "Oga, katin lafiyarsa ƙalau, koyil ɗin bawul ne ya tafi." Har ya ɗauko sabon koyil, wato naɗin wayar da ke motsa bawul, a sito ya ɗaura. Shiru kake ji.

Ban ga laifinsa ba, don ni ma a da haka zan yanke. Fitilar jikin kati ba shaida ba ce. A yawancin katuna abin da take faɗa kawai shi ne an ba da umarni, ba wai wuta ta isa waje ba. Ita kuwa mita ta yau da kullum turjiyar bakinta ta kai kusan om miliyan 10, wato wutar da take ja ba ta taka kara ta karya ba. Ko bakin rile ya ƙone ya koma gawayi, ɗan abin da ke tsiyayowa ta cikinsa ya ishe ta ta rubuta maka 24. LoZ yana sauko da turjiyar zuwa wajen om 3,000, sai mitar ta zama ɗan kaya a kan ƙafar, tana jan kimanin miliamfa 8. Na murɗa, na ɗora a wuri ɗaya da yaron ya auna, lamba ta faɗo zuwa volt 7. Ƙafar da ta kasa ɗaukar miliamfa 8, ina za ta da koyil mai wat 8, wanda ke neman sulusin amfa?

Ba a yi minti biyu ba muka san inda ciwon yake, bayan an shafe fiye da awa ɗaya ana zargin bawul.

Dalilin ƙonewar ma bai ɓuya ba da muka bi wayar. Babu diyod, ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a kan koyil ɗin. Duk lokacin da rile ya yanke wutar DC daga koyil, koyil ɗin yakan mayar da martani da wuta mai ƙarfi, tartsatsi ya tashi a bakin rilen. Bawul ɗin nan kuwa yana buɗewa da rufewa sau dubbai a yini. Muka mayar da wayar kan ƙafa ta 11 da ke zaune ba aiki, na sauya adireshin a furogiram, muka sa ƙaramin rile na waje mai soket a tsakani don gobe in ya ƙone a zare shi kawai, sannan muka ɗaura diyod, gefen zobensa a kan waya mai fulos. Diyod yana ɗan jinkirta sakin bawul, amma a wannan injin ba a ji ba. Na tilasta ƙafar ta kunna daga kwamfuta, ba tare da jiran furogiram ba, sau biyu don gwaji, bayan na tabbatar ba hannun kowa a cikin injin, na kuma cire tilascin nan take. Wanda ya taɓa manta shi ya tafi gida ya san abin da nake nufi.

To, kada in cika ta da yabo. Miliamfa 8 ba kayan gaske ba ne. Bakin rile da ya fara lalacewa kaɗan zai iya wuce gwajin LoZ, ya kuma durƙushe in an haɗa koyil. Don haka awon da na fi yarda da shi har yanzu shi ne wanda ake yi waya tana jikin ƙafar, kaya na ja. Kuma gurbin yana da haɗarinsa. In ka ɗora bakunan mitar a gefe biyu na makunnin da yake buɗe, wutar da ke bi ta cikinta ta isa ta kunna ƙafar shigarwa ta PLC, injin ya ɗauka firikwensin ne ya yi magana. A kan siginar volt 0 zuwa 10 kuwa sai ta iya ja maka lambar ƙasa. Tsakanin waya mai rai ta volt 230 da ta ƙasa, tana iya kaɗa makarin miliamfa 30 da ke yanke wuta in ta tsiyaya zuwa ƙasa, ka jefa rabin akwatin cikin duhu. Wannan na ƙarshen ya faru da ni sau ɗaya, ban kuma ba.

Ta fuskar jiki ba ni da ƙorafi mai yawa. An rubuta mata matakin kariya na CAT III 600V, wanda ya wadatar a akwatunan da nake buɗewa. Fitilar fuskarta tana da haske, lambobin manya ne, ta faɗo daga kan tsani sau biyu ba ta fasa ba. Abin da ya dame ni biyu ne. Bakunan wayoyin da ta zo da su sun yi kauri, ba sa shiga ramin tasoshin katin, sai da na nemi sirara daban. Sannan ba ta da gurbin miliamfa, saboda haka duk ranar da aikin ya shafi siginar miliamfa 4 zuwa 20, dole in koma wa tsohuwar.

Shi ya sa mita biyu nake yawo da su a jaka yanzu. Ƙafa ta 5 kuwa tana nan da farin tef a kanta, an rubuta "ta mutu, fitila ce kawai", har ranar da za a tsayar da layin a sauya katin.