Kwaɗon zanen yatsa: wata huɗu a ƙofar sitona

Na sayi kwaɗon nan mai buɗewa da yatsa a wani shago cikin babbar kasuwar Garwa, sefa 14,000, bayan makullin sito ya ɓace sau biyu a hannun yaran shago. Ƙarami ne amma da nauyi. A gindinsa akwai ɗan gilashi inda ake ɗora babban yatsa, in ya gane ka sai fitila ta yi kore, ya buɗe nan take. Da wayar cajin salula ake yi masa caji, kuma sau biyu kacal na yi masa tun da na saya. Ta nan kam ba ni da ƙorafi.

Ƙanina da ke karatun shari'a a Jami'ar Ngaundere ya zo hutu, ya jujjuya kwaɗon a hannu ya ce, "Yaya, ai zanen yatsa da ƙofa sun daɗe tare." A 1892, a garin Necochea na Ajantina, wata mata Francisca Rojas ta kashe 'ya'yanta biyu ta ɗora wa wani maƙwabci. Ɗan sanda ya ga shatin yatsa na jini a jikin ƙofa, ya yanke katakon wurin, aka gwada shi bisa tsarin Juan Vucetich, wani jami'in 'yan sandan ƙasar da ya tsara hanyar gane mutum da zanen yatsa. Nata ne, kuma ta amsa laifinta. Tun 1858 ma William Herschel, wani jami'in mulkin Birtaniya, ya sa wani ɗan kwangila a Indiya ya danna tafin hannunsa a takardar yarjejeniya, daga baya ya yi shekaru yana ɗaukar zanen yatsun kansa don ya nuna ba ya canzawa.

Zanen ba ya canzawa, amma yana shafewa, kuma nan ne kwaɗon ya ba ni kunya. Baba magini ne, siminti ya cinye masa yatsu sun yi sumul kamar bayan cokali. Muka gwada yi masa rajista, yatsa bayan yatsa har goma, fitila ja kawai. Ya goge hannu a rigarsa ya ce, "Bar shi, ɗana, ba ya sona." Abin ya tsaya mini a rai, don shi ya gina siton nan da hannunsa.

Da hunturu ya shigo, nawa yatsan ma ya yi faso. Da asuba sai na hura masa iskar baki ya ɗan jiƙe, na share ƙurar gilashin da gefen hula, kafin ya yarda. Mai shagon bai faɗa mini ko ɗaya cikin waɗannan ba.

Mai niyyar saye ya tafi da duk wanda zai riƙa buɗewa, a gwada yatsunsu a gaban mai shago kafin a biya. Ranar Asabar zan koma neman mai ramin makulli saboda Baba, wannan kuma in mayar da shi kan akwatin takarduna.