Gidan roba na NGC da dalar da ta fito ba rubutu a gefe

Kamfanin NGC, wanda aka kafa a 1987 kuma yake da mazauni a birnin Sarasota na jihar Fulorida a Amurka, sana'arsa ita ce tantance sulalla, ya ba su daraja a kan ma'auni daga 1 zuwa 70, sannan ya rufe kowanne a cikin gidan roba mai ɗauke da lambar shaida. Abin da zan duba a nan shi ne samfurin gidan da suke kira EdgeView, wanda ke riƙe sile da haƙora huɗu ya bar sauran gefensa a fili, domin a gefen ne wasu kurakuran bugu mafiya jan hankali suke ɓuya.

Silen da nake da shi dalar George Washington ce ta jerin shugabannin Amurka, wadda aka fara fitarwa a watan Fabrairun 2007. An tsara cewa shekara, da harafin da ke nuna masana'antar da ta buga silen, da taken E PLURIBUS UNUM da IN GOD WE TRUST duk su kasance a gefe. Masana'antun Filadelfiya da Denba kuwa sukan buga fuska da baya da farko, daga nan a kai sulallan wani inji dabam ya murza musu rubutun. Dubun-dubatar sulalla sun tsallake wannan mataki na biyu, suka shiga hannun jama'a da gefe sumul, ba shekara ba harafi. A dalar John Adams da ta biyo baya an samu waɗanda suka bi ta injin sau biyu, rubutu ya hau kan rubutu, wani lokaci ma ɗaya yana kallon sama ɗaya yana kallon ƙasa. Daga 2009 aka mayar da taken ambaton Allah, wato IN GOD WE TRUST, zuwa fuskar silen.

Matsalar mai saye ita ce, kuskuren rashin rubutu a gefe yana da sauƙin kwaikwaya, tunda duk mai magagari da haƙuri zai iya goge rubutun ya ce haka silen ya fito daga masana'anta. Dala ta gaskiya tana da nauyin giram 8.1 da faɗin kusan milimita 26.5, kuma wadda aka goge takan ragu ta ɗauki ƙananan zane-zane a gefe. A nan ne aikin NGC ya cancanci kuɗinsa, domin sun riga sun yi wannan bincike, ana iya duba lambar shaidar a shafinsu na intanet, kuma gidan bai tilasta mini in dogara ga takardarsu kaɗai ba. Da madubin ƙara girma ina juya shi a gaban haske, ina ganin jan tagullar da ke tsakiyar silen da santsin da zoben inji mai riƙe gefen sile ya bari lokacin bugu. Tsoffin gidajen da ke kewaye sile gaba ɗaya ba su ba da wannan dama, kuma a ganina rufe irin wannan dala a cikinsu ɓarnar kuɗi ce.

Haƙoran nan huɗu suna rufe ɗan wani sashe na gefen, wanda ba damuwa ba ne a silen da ba shi da rubutu, amma a dalar Adams mai ninkin rubutu suna iya faɗawa daidai kan haruffan da ake son karantawa. Saboda haka wanda zai saya ta intanet ya nemi hoton gefen tukuna.

Ba kowane sile ne ya kamata a tura tantancewa ba. Idan rubutun gefe ya kife yayin da fuskar shugaban ke sama, wannan ba kuskure ba ne, domin sulallan suna shiga injin ne yadda suka faɗo. Haka kuma siraran layuka uku da ake gani a gefen sulallan musamman na masu tarawa sawun zobe ne mai sassa uku, da gangan aka yi shi. Farashin dalar Washington mara rubutu ya sauka ƙwarai bayan an gano yawanta, don haka idan aka haɗa kuɗin tantancewa da na aikawa da inshora daga wata ƙasa, sayen wadda aka riga aka rufe ya fi araha nesa ba kusa ba.