Wace dabara ta fi taimaka wa ɗalibi ya riƙe sababbin kalmomi?

Ɗalibin sakandare mai harsuna biyu yakan haddace kalma yau, jibi ya neme ta ya rasa, sai ta ɗaya harshen ta faɗo masa a baki. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus, wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Jamus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan karatu. Saboda haka a auna kowace dabara da abu biyu: tana sa yaro ya ciro kalmar daga kansa? Tana dawo masa da ita bayan tazara?

Jera kalmomi a littafi ana ta maimaita karantawa shi ne mafi sauƙi, kuma mafi rauni. Amsa tana gaban ido, sai yaro ya zaci ya iya.

Katin tambaya, bisa tsarin da Sebastian Leitner, wani ɗan jarida Bajamushe, ya fitar a 1972, shi muka fi ba da shawara. A yanka kwali, kalma a gaba, ma'anarta da gajeriyar jimla a baya. A tanadi akwati uku: na farko ana bitarsa kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku duk mako. Katin da aka amsa daidai ya matsa gaba, wanda aka kasa ya koma na farko. Sababbi goma a rana sun isa. A riƙa juya katin kuma, daga harshen da yaro ya fi ƙarfi zuwa wanda yake koyo. Hakan ya fi wuya, amma shi ke amfani wajen rubuta insha'i. Kada a haɗa kalmomi masu kama da juna ko kishiyoyi a rana ɗaya, domin cakuɗewa suke yi.

Manhajar Anki wannan aikin take yi, ita ke lissafa ranar bita, kuma kyauta ce a Android da kwamfuta. Matsalarta, in aka yi fashin mako guda, katuna sukan taru jingim har yaro ya sare. Ga kuma saƙonnin waya masu ɗauke hankali.

Kamanta sauti kuwa, a nan mai harsuna biyu ya fi kowa riba, tunda rumbu biyu yake ɗiba. Kalmar Faransanci *cadeau*, wato kyauta, ana furta ta “kado”. Sai yaro ya hango kada ɗauke da ƙunshin kyauta a baki. Da wannan dabara kalma tana shiga da sauri, sai dai in ba bita takan gushe, kuma dabarar ba ta koyar da rubutun kalmar. A ajiye ta don kalmomin da suka ƙi barin akwatin farko.