Wace na'ura za ka saya kafin ka gyara kwafin kaset ɗin gwaji?

Kaset ɗin gwaji na wasannin bidiyo, irin wanda kamfanoni suke aika wa 'yan jarida kafin wasa ya fito kasuwa, ba kamar na kanti yake ba. Yawancinsa a kan cip ɗin EPROM aka rubuta shi, wato cip ɗin da ke adana bayanai a matsayin sifilai da ɗayoyi, mai 'yar tagar gilashi a samansa. Cajin da ke riƙe da bayanan yana tsiyayewa a hankali, shi ya sa bayan shekara 30 kana iya tarar da sifili ya koma ɗaya, abin da ake kira ruɓewar bayanai. Rabin gyaran kuwa tun wurin kwafewa ake yin sa, don haka na'urar da ka saya ita ce komai.

Ni dai XGecu T48 nake so, magajiyar TL866II Plus. Ba ta bi ta bakin kaset, cip ɗin kansa take karantawa. Kafin ta fara tana duba ko kowace ƙafa ta zauna daidai, kuma wannan kaɗai ya isa kuɗinta, domin wani lokaci abin da ake ɗauka ruɓewar bayanai ne, ƙafa ce kawai mai tsatsa. Ka karanta cip sau 10, ka gwada lambar SHA-1 ta kowane kwafi, wato lambar da ake lissafowa daga bayanan, wadda ke sauyawa in wani abu ya sauya. In sun saɓa, akwai gurbin da ke rawa, kuma masu wannan harka sukan ɗan rage wutar ƙasa da bolt 5 don raunanan sifilai su sake bayyana. A kaset ɗin Mega Drive, na'urar wasa ta kamfanin Sega, sau da yawa cip biyu ne ke raba bayanan, wannan ya ɗauki baiti (ɗan guntun bayani) ɗaya wancan ya ɗauki na gaba, sai ka saƙa su daga baya. Aibin T48 ɗaya: in cip ɗin a liƙe yake da dalma, sai an cire shi, kuma wannan ba aikin ɗan koyo ba ne.

A irin wannan hali sai ka koma ga Open Source Cartridge Reader, wanda wani mai suna Sanni ya ƙirƙira, wanda ke karanta kaset yadda yake. Yana da kyau, sai dai yana gwada kwafinka da jerin No-Intro, wato kundin wasannin da aka riga aka kwafe aka tantance, kuma wasan gwajin da ba a taɓa kwafewa ba babu shi a ciki. A cikin sauran na'urorin karanta kaset, Retrode 2 ta dace da mai son buga wasa kawai. GBxCart RW kuwa iyakarta dangin Game Boy.

Yanzu ga inda na ƙone. Na taɓa sayen "kaset ɗin gwaji" a hannun wani ɗan kasuwa a intanet: takarda mai rubutun hannu, ta yi ja kamar ta tsufa. Da na kwafe na gwada da wasan kanti a HxD, manhajar duba baitocin fayil, ko baiti ɗaya bai bambanta ba. Da na ɗaga takardar, lambar shekarar da ke jikin cip ɗin ta nuna an ƙera shi bayan wasan ya fito da daɗewa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Kada ka biya sai ka ga hoton allon ciki da kyau. Su kansu na'urorin akwai jabu; tsofaffin TL866 na bogi sun sha mutuwa wurin sabunta manhaja. Akwai kuma algus mafi muni: mutum ya cike gurbin da ya lalace da bayanan wasan kanti, ya sake shi a matsayin kwafi na asali. Wannan ɓata tarihi ne.

In za ka gyara, ajiye kwafin farko kada ka taɓa shi. Gyaran da ya mai da ɗaya sifili shi ne mai ma'ana, akasin haka abin tuhuma ne. Kada ka dogara da lambar tantancewar da ke adireshin 0x18E a cikin bayanan kaset ɗin Mega Drive, don masu shirya wasa sukan bar ta ba daidai ba a kaset ɗin gwaji. Rubuta adireshin kowane baiti da ka sauya, ka tura kwafin farko da gyararren duka ga masu adana tarihi irin su Hidden Palace. Tagar gilashin nan kuma a rufe ta da tef tun kafin rana ta gan ta.