Morphine ko Primus? Ga amsar wanda ya sayi duka biyun

Ƙanena, tunda ka ce kuɗin faifai ɗaya ne a hannunka, ga shi kana koyon kaɗa bes (kayan kiɗan nan mai kama da jita amma mai kaurin sauti), kuma kana tsakanin Cure for Pain na ƙungiyar kiɗa ta Morphine da Sailing the Seas of Cheese na ƙungiyar Primus, to ka zo gidan magana. Duka biyun suna kan kantata. Ɗaya duk ya kakkarce saboda yawan sawa, ɗayan kuwa sai ka hure ƙura kafin ka karanta sunansa.

Na Morphine a wurin wani mai kayan gwanjo na tsince shi, cikin kwalin tsofaffin rediyo da caja. Ban ma san su waye ba, arha ce ta sa na ɗauka. Da daddare na saka a mota ina dawowa daga Zariya, sai waƙa ta biyu, Buena, ta taso da wani gurnani na bes kamar ana jan buhu a kan siminti. Sau huɗu na maimaita ta kafin Kwanar Dangora. Abin da ya ɗaure min kai shi ne na kasa jin jita ko ɗaya a ciki. Ashe babu ita. Mutum uku ne kawai: mai ganga, sai Dana Colley da babban saksofon ɗinsa mai kaurin murya, sai Mark Sandman da ke waƙa yana kaɗa bes. Shi kuma bes ɗin nasa tsirkiya biyu ce rak, ba huɗu ba, yana goga musu ɗan bututu a yatsa maimakon ya danna su. Shi ya sa sautin yake zamewa daga wannan murya zuwa waccan babu tsalle.

Mu da muka tashi da jin garaya mai tsirkiya biyu, da kuntigin Ɗan Maraya Jos mai guda ɗaya tal, wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba, amma wallahi ya ba ni. Washegari na kwance tsirkiya biyu daga nawa bes ɗin, na wanke kwalbar maganin tarin yara na zura yatsa. Uwargida ta leƙo ta ce ko janareto ne ya lalace. Cikin sati biyu dai na iya bin Buena daga farko har ƙarshe, bayanta na kama Thursday, wadda ta fi sauri amma jimla ɗaya ce take ta juyawa. Wannan ne amfaninsa ga mai koyo irinka: babu jitar da za ta danne bes, kowane taku kana jinsa fili, kuma hannunka zai iya kaiwa.

Faifan ya fito a 1993, waƙoƙi 13 ne, duka bai cika minti 40 ba. 'Yan jihar Masacusets ne a Amurka. Sandman ya yanke jiki ya faɗi yana tsaka da wasa a garin Palestrina kusa da Rum a watan Yulin 1999, zuciya ce, yana da shekara 46. Daga nan ƙungiyar ta tsaya, shi ya sa yaran yanzu ba su cika sanin su ba.

Primus kuma, to. Les Claypool, mai kaɗa musu bes, gwani ne, ba na musu, wanda ya ce ba haka ba bai taɓa riƙe bes ba. A waƙar Jerry Was a Race Car Driver, ta cikin wannan faifan na 1991, bes mai tsirkiya shida marar ƙarafunan wuya yake kaɗawa, yana dannawa da hannu biyu lokaci guda. Ni da kaina na yi odar faifan da tsada don in burge abokai. Na yi wata guda ina fama da Tommy the Cat, abin da na samu bororo ne a babban yatsa. Laifina ne, na ɗauki kayan da ya fi ƙarfin kaina. Kuma idan waɗanda ba a sani ba kake nema, ai duk wanda ya taɓa kallon shirin katun na South Park ya ji Primus, su suka yi kiɗan buɗe shirin.

Wani abu da ba ka tambaya ba: ka yi hattara da masu ce maka “orijina ne daga Landan”. An taɓa yi min, na biya kuɗin asali aka miƙo min kwafi. Juya faifan ka duba cikinsa. Idan ka ga yana ɗaukar kore-kore ko shuɗi, a kwamfuta aka ƙona shi. Na kamfani fari ne kamar azurfa, da ƙananan lambobi zagaye da ramin tsakiya. Ka duba rubutun kwalin ma, na jabu yakan yi dishi-dishi. Irin waɗannan kwafin galibi daga matsattsen fayil ake yin su, sautin ya fito a dagule. Kada kuma ka yarda mai shago ya gwada maka a lasifikar waya ko wata 'yar akwatin da aka manna wa sunan babban kamfani. Tsirkiyar ƙasa ta bes tana kaɗawa ne wajen sau 41 a daƙiƙa, lasifikar waya ba ta iya fitar da wannan, sai ka ji kamar ana buga gwangwani. Tafi da abin kunnenka mai kyau, ka ce a saka maka a injin faifai, in ya fara kame-kame ka kama gabanka.

Sayi Cure for Pain. Fara da Buena, ka bi da Thursday, sannan All Wrong. Na Primus ɗin kada ka kashe ko kwabo, in ka shigo unguwarmu bayan la'asar ka zo ka ɗauki nawa aro.